In Dama Ta Ƙiya

Hausawa na cewa in hagu ta ƙiya a koma dama. Na yi shekaru ina koyar da wannan karin magana a aji, ina sa yara su kawo misalin inda ya dace a faɗe shi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da mutum zai yi in damar ce ta ƙiya ba. Sai da tawa ta ƙiya.

Ni malamin makaranta ne a Maraɗi, kuma in akwai abin da aka san ni da shi a unguwa, to kyan rubutu ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ɗora hannuna a kan allo da alƙalamin gamba tun ban kai shekara 6 ba, yana riƙe da tsintsiyar hannuna har harafi ya zauna. Da na shiga lakwal sai hannun ya bi ni can. Shekara 20 ni ke rubuta sunayen ɗalibai a kan takardun shaidar kammala karatu na makarantarmu. Masu ɗaurin aure su kawo takardar gayyata, masu kanti su kawo allon shago, tsofaffi su kawo wasiƙa a rubuta musu da ajami. Ba na karɓar kuɗi, goro dai ba na ƙi. Yau ina iya faɗa ba kunya cewa yabon da ake yi wa hannun nan ya fi albashi daɗi a raina.

Abin ya fara ne wata bazara, ina tsakiyar gyaran takardun jarrabawa. Da na kama biro sai manunina ya miƙe ya ƙi lanƙwasuwa, na tsakiya kuma ya danne biron kamar zai huda takarda. Da na ajiye biro, shi ke nan, hannu ya koma lafiya lau. Ina cin tuwo da shi, ina jan carbi, ina tuƙa babur. Rubutu kaɗai ya ƙi. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu, wanzami ya yi mini ƙaho. Ni kuwa na ɗauki hannun tamkar jakin da ya yi gardama, na ce maganinsa sanda. Kowane dare bayan isha'i sai in cika shafi uku na littafi da haruffa, ina gumi, ina cije leɓe. Kullum gara jiya da yau.

Bayan shekara biyu na samu ganin likitan jijiya a Yamai. Ya sa na yi rubutu a gabansa, ya sa na ɓalle maɓallin riga na mayar, ya yi shiru. Sannan ya ce, "Malam, hannunku ba abin da ya same shi. Saƙon da ƙwaƙwalwa ke aiko masa ne ya rikice." Ya kira ciwon da suna distoniya. Ya ce ƙwaƙwalwa tana da wuri na musamman ga kowane yatsa, to mai maimaita motsi guda sau dubbai, shekara da shekaru, wani lokaci iyakokin nan sukan cuɗe, sai a aika wa yatsa ɗaya umarni biyu su amsa, ko tsokar da ya kamata ta saki ta ɗaure. Shi ya sa ciwon ke kama marubuta da makaɗa, kuma a kan aikin da suka fi ƙwarewa a kai. Da zan fita ya rubuta wani suna a bayan takardar magani, ya ce in nemi labarin mai shi. Leon Fleisher. Na tambaye shi ko babban likita ne, ya ce a'a, makaɗin fiyano ne. Na fito raina a ɓace. Na yi tafiyar fiye da kilomita 600 da ciwona, an sallame ni da sunan makaɗi.

Takardar ta yi wata huɗu a aljihun jakata kafin in buɗe intanet in duba.

Ya kamata in tsaya a kan kalmar fiyano, domin mai koyon Hausa zai ji ta a bakin matasa da wata ma'ana. A wurinmu fiyano ita ce ƴar na'urar lantarkin nan da ake haɗa kiɗan waƙoƙin fim da ita, wadda yaro zai saɓa a kafaɗa ya hau babur. Wadda Fleisher ke kaɗawa akwati ne na katako da ƙarfe, sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga. Tana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Kowane madanni in an taɓa shi yana harba ƴar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya, tsirkiyoyin kuwa sun haura 200. Babu lantarki a ciki ko kaɗan. Ƙarfin sauti da taushinsa duk daga nauyin yatsa suke fitowa. Sautuka masu kauri suna ɓangaren hagu, sirara suna ɓangaren dama, saboda haka galibi hannun dama ke ɗauke da karin waƙar, na hagu yana yi masa shimfiɗa.

Sana'ar ma ba irin ta makaɗanmu ba ce. Namu makaɗin yana da baki, yana da ƴan amshi, yana kallon wanda yake yi wa, yana sauya zance gwargwadon wanda ya shigo fili. Nasu yana fitowa shi kaɗai cikin baƙaƙen kaya, ya zauna gaban mutum dubu biyu da suka yi tsit, ya kaɗa abin da wani mamaci ya rubuta shekara 100 ko 200 da suka wuce, da ka, ba takarda a gabansa, ba shi da izinin ƙara sauti ɗaya ko rage shi. Da na fahimci haka sai fushina ya fara sauka, don na gane mutumin. Wannan ai mai kwafar littafi ne. Ba ya ƙara harafi, ba ya ragewa, amma duk wanda ya san aikin, da ya ɗaga shafi zai ce wannan hannun wane ne.

An haifi Fleisher a San Francisco ta Amurka a ranar 23 ga Yuli, 1928. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, uban yana sana'ar huluna. Wansa aka ɗaukar wa malamin fiyano, shi kuwa yana gefe yana saurare, in an tashi ya hau ya maimaita darasin. Yana ɗan shekara 4 ya fara koyo, yana da 8 ya yi wasa a gaban jama'a, yana da 9 aka kai shi wurin Artur Schnabel, mutumin da ya fara naɗar dukkan sonata 32 na Beethoven a faifai. Schnabel ba ya karɓar ƙananan yara, amma da ya ji wannan sai ya karɓa. A 1938 uwar ta ɗauki yaron suka tafi bakin tafkin Como a Italiya inda malamin yake zaune, da yaƙi ya matso kuma karatun ya koma New York. Duk wanda ya yi karatun zaure zai ji daɗin salsalar nan: Fleisher ya ɗauka daga Schnabel, Schnabel daga Leschetizky, Leschetizky daga Czerny, Czerny daga Beethoven kansa. Shekara 10 ya yi gaban malamin, har ranar da malamin ya ce ya isa, ya je ya nemi tasa hanyar.

A 1944, yana da shekara 16, ya kaɗa konsato na farko na Brahms a zauren Carnegie tare da babbar ƙungiyar makaɗan New York, Pierre Monteux yana jagoranci. Konsato shi ne kiɗan da gwani ɗaya ke yi, makaɗa da yawa suna amsa masa, wani lokaci kamar hira, wani lokaci kamar kokawa. A 1952 ya ci gasar Sarauniya Elisabeth a Brussels ta Beljiyam, shi ne Ba'amurke na farko da ya ci ta. Al'adar gasar ita ce a killace waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na mako guda, a ba su sabon kiɗan da ba wanda ya taɓa ji, su koya su fito su kaɗa. Daga nan sai faya-fayen da ya yi da George Szell da makaɗan Cleveland, konsato biyar na Beethoven da biyu na Brahms, waɗanda har yau masana ke auna na wasu da su. Na saurari na Brahms ɗin a wayata, a tsakar gida, yara suna barci. Ban san ƙa'idar kiɗan ba, amma na ji hannun da bai san shakka ba. Na taɓa samun irinsa.

A 1964, yana da shekara 36, ƙaramin yatsansa na dama da mai bi masa suka fara nannaɗewa cikin tafin hannu. Ana shirin tafiya Tarayyar Sobiyet da makaɗan Cleveland, Szell ya saurare shi a wajen gwaji ya ce masa ba zai iya tafiyar ba. Abin da ya sa na ajiye wayar na yi tagumi shi ne matakin da ya fara ɗauka. Mutumin da dama yake shafe sa'a bakwai ko takwas kullum a kan fiyano, da yatsu suka fara gardama sai ya ƙara sa'o'in. Shi ma sanda ya ɗauko wa jakinsa. Likitocin zamanin ba su san sunan abin ba. An yi allurai, an gwada wannan an gwada wancan, wasu suka ce a ransa ciwon yake. Aurensa ya mutu. Ya faɗa da bakinsa daga baya cewa ya yi tunanin kashe kansa. Ya tara gemu da gashi, ya sayi babur ƙirar Vespa yana yawo a birnin Baltimore.

Da ma akwai kiɗan fiyano da aka tsara domin hannun hagu kaɗai, kuma yawancin manyansa albarkacin mutum ɗaya ne. Paul Wittgenstein, ɗan wani attajirin Vienna, wan masanin falsafar nan Ludwig, ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya dawo sai ya sa dukiyar gidansu ya biya manyan masu tsara kiɗa, su Ravel da Prokofiev da Richard Strauss da Britten da Hindemith, kowa ya rubuta masa abin da hannu ɗaya zai kaɗa. Na Ravel ya fi shahara, an fara kaɗa shi a Vienna a 1932. In ka rufe ido kana saurare za ka rantse hannu biyu ne. Akwai wata hikima a ciki da ta burge ni: a hannun hagu, babban yatsa shi ke kallon ɓangaren siraran sautuka inda karin waƙa yake, saboda haka yatsan da ya fi kowanne ƙarfi shi ke rera waƙar, sauran huɗun suna yi masa shimfiɗa. Fleisher ya daɗe yana gudun waɗannan kaɗe-kaɗe, domin karɓarsu tamkar amincewa ne cewa dama ta tafi. Daga baya ya karɓa, ya kaɗa na Ravel a manyan zaurukan duniya har ba adadi.

Ni ma na daɗe ina gudun hagu, kuma dalilina ya fi nasa nauyi. Shi a ƙasarsu bahago mutum ne kamar kowa. Mu kuwa hagu hannun tsarki ne, ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi. Ina tuna wani ɗan ajinmu bahago da aka riƙa bugun yatsunsa da rula har ya koma dama, rubutunsa bai taɓa yin kyau ba har muka rabu. Ni da kaina, a farkon koyarwata, na sha cire alli daga hagun yaro in mayar masa dama, ina ganin gyara nake yi. Ranar da na fara tsayawa gaban allo da alli a hannun hagu, ina da shekara 47, haruffana sun fito kamar kaji sun yi tonon shara. Yaran ba su yi dariya ba, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Wurin da labarin Fleisher ya fi taɓa ni ba a cika ambatonsa ba. A 1982, bayan an yi masa aiki a tsintsiyar hannu, aka shelanta cewa ya warke. Za a buɗe sabon zauren kiɗa na Meyerhoff a Baltimore, shi zai yi wasan buɗewa da hannu biyu, talabijin na ɗauka. Konsato na huɗu na Beethoven aka shirya, da ranar ta matso ya ga hannun ba zai kai ba, aka sauya da wani kiɗan César Franck mai gajarta. Ya hau ya kaɗa, jama'a suka miƙe suna tafi, jaridu suka buga cewa gwani ya dawo. Shi kaɗai ya san da ƙyar ya ƙetare, kuma hannun yana nan yadda yake. Bayan wannan dare ya koma hagu na wasu shekaru fiye da 10.

Na san wannan dare, don na yi nawa. Shekarar da ta biyo bayan zuwana Yamai, shugaban makarantarmu ya kira ni ya ce, "Malam, ko za a gwada bana? Iyaye suna tambayar hannunku." Girman kai ya hana ni cewa a'a. Sunaye 43 ne. Na ɗaure alƙalami a yatsuna da robar ɗaurin kuɗi, na yi dare huɗu, kowane suna sai na huta na jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Ranar rabon takardu aka yi ta sa mini albarka, shugaban ya faɗa a lasifika cewa Allah ya ba Malam lafiya. Na yi murmushi na karɓi gaisuwa. Da na koma gida uwargidana ta kalli hannun da ke rawa a cinyata ta ce, "Malam, wa kake ruɗi?" Ban amsa ba, kuma ban sake karɓar aikin ba.

Abin da ya riƙe Fleisher a shekarun nan koyarwa ce da jagorancin makaɗa. Tun 1959 yake koyarwa a makarantar kiɗa ta Peabody a Baltimore, ya yi fiye da shekara 60 a can, André Watts na cikin waɗanda suka zauna gabansa. Kafin ciwon, in ɗalibi ya kuskure sai ya ture shi gefe ya kaɗa masa ya ce yi haka. Da hannu ya tafi, dole ya nemo kalmomi. Yakan ce wa ɗalibai makaɗi mutum uku ne a jiki ɗaya: na farko yana jin sautin a ransa tun kafin a taɓa madanni, na biyu yana taɓawa, na uku yana zaune can nesa yana saurare, yana gaya wa na biyu ko abin da ya fito ya yi daidai da abin da na farko ya ji. Yakan kuma ce a jinkirta kowane sauti iyakar jinkiri, muddin ba a makara ba. Wannan na biyun na ɗauke shi na kai aji. Shekara 20 ina kama hannun yaro ina ja, ban taɓa iya faɗin abin da nake yi ba. Yanzu ina ce masa ya ga harafin a kan farar takarda tukuna, ya ga inda zai fara da inda zai tsaya, kada ya sauke alƙalami sai ya gani. Yaran da na koyar da baki, abin mamaki, hannunsu ya fi na waɗanda na koyar da hannu, kuma ba su kwaikwayi nawa ba, kowa da nasa.

Sai a shekarun 1990 aka gane ainihin ciwonsa. Aka fara yi masa allurar Botox, wato dafin wata ƙwayar cuta da ake sa ɗan mitsitsi a tsokar da ke ɗaurewa don ta yi laushi, tana aiki ƴan watanni a sake. Ya haɗa da wata irin tausa mai zurfi. A 1995 ya kaɗa wani konsato na Mozart da hannu biyu tare da makaɗan Cleveland, kimanin shekara 30 bayan sun tafi Sobiyet sun bar shi. A 2003 ya koma Carnegie, a 2004 ya fitar da faifan da ya sa wa suna Hannu Biyu da Turanci. A cikin shekarar kuma ya yi wani abin da ya fi ba ni sha'awa. Kiɗan da Hindemith ya rubuta wa Wittgenstein a 1923, mai shi bai so shi ba, bai kaɗa ba, bai kuma bar kowa ya kaɗa ba, ya kulle a cikin kayansa. Sai bayan rasuwar matarsa aka gano takardun. Fleisher ne ya fara kaɗa shi a duniya, a Berlin, da Simon Rattle, bayan shekara 81 a kulle. Damarsa ta dawo, amma da hagu ya hau ya yi wannan.

Masu ba da labarinsa suna son su tsaya a nan su ce ya warke. Shi bai taɓa cewa haka ba. Ya ce ciwon yana nan, lallaɓa shi ake yi, kuma akwai kaɗe-kaɗen da ya san ba zai sake taɓawa ba. A ƙarshen rayuwarsa yakan nuna cewa rashin hannun ya buɗe masa ƙofofin da da bai shiga ba. Ina girmama maganar, amma ban karɓe ta duka ba. Mai faɗin ta yana zaune kusa da manyan asibitocin duniya, kuma ya faɗe ta ne bayan hannun ya dawo. Ni likitana ya gaya mini allurar ba ta kusa, kuɗinta kuma ba na malamin makaranta ba ne, ga shi sai an riƙa maimaitawa. Ya kuma gargaɗe ni kada in matsa wa hagun, don ciwon yakan tsallaka. In aka ce in zaɓa tsakanin abin da na koya a shekarun nan da hannuna na da, ban yi alkawarin zan zaɓi abin da ya kamata ba.

Fleisher ya rasu a Baltimore a ranar 2 ga Agusta, 2020, yana da shekara 92, yana koyarwa ta intanet har kwanakinsa na ƙarshe. A faifan nan na 2004 akwai wani ɗan gajeren kiɗan Bach da sunansa ke nufin tumaki su yi kiwo cikin aminci. Ba gudu a cikinsa, ba nuna gwaninta, yaro mai ƴan shekaru a koyo zai iya bin sautukansa. Shi nake sawa in na gama gyaran takardu, wanda yanzu ƴata ke rubuta makin ina faɗa mata.

Watan jiya na je banki karɓar kuɗi. Na sa hannu da hagu, yaron da ke bayan gilashi ya duba na'ura, ya duba takarda, ya ce sa hannun bai yi daidai da wanda ke ajiye ba. Na gwada da dama, manuni ya miƙe, biro ya zame ya ja layi har gefen takardar. Sai ya ɗago ya dube ni da kyau, ya miƙe tsaye.

"Malam, ashe ku ne. Ai ku kuka rubuta sunana a takardar shaidata, tana nan a bango a ɗakin Inna."

Na tambaye shi wace shekara, ya faɗa. Tana cikin masu kyau, kafin roba. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce doka ce, sai dai in dangwala yatsa kafin a sabunta sa hannun. Ya turo ɗan akwatin tawada ta ƙarƙashin gilashi, ya kawar da kai kamar mai neman wani abu a aljihun tebur. Na dangwala, ya miƙo mini ƴar takarda in goge, ya ƙirgo kuɗin sau biyu, ya ce in gaida gida.